Barkwancin Siyasa a Matsayin Hanyar Koyon Kalmomin Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san cewa haddace kalma daban, mallakarta kuma daban. Yaro yana iya rera kalmomin Ingilishi ashirin tare da ma'anoninsu ranar Litinin, amma kafin Juma'a sun bi iska. Wannan yaron kuwa, idan ya ji wata kalma a bakin ɗan wasan barkwanci yana kwaikwayon wani gwamna ko wani sanata, sai ka same shi bayan wata shida yana maimaita ta, har da karin muryar mai wasan. Ruwa ba ya tsami banza, saboda haka ya kamata mai koyon aikin malanta ya tsaya ya tambayi kansa dalilin wannan bambanci.

Ra'ayin da wannan maƙala take ɗauke da shi shi ne, barkwancin siyasa hanya ce ingantacciya ta koyon kalmomin Ingilishi, domin yana koyar da abin da ƙamus ba ya iya koyarwa shi kaɗai, wato tazarar da ke tsakanin abin da kalma take nufi da abin da mai magana yake nufi da ita. Amma akwai sharaɗi. Dariyar ba za ta zama darasi ba sai malami ya sa ɗalibi ya bayyana da Hausa inda abin dariyar yake. Idan aka bar wannan mataki, an yi nishaɗi kawai an tashi.

Mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa ɗalibin sashen Hausa da koyar da Ingilishi? Abubuwa biyu ne. Na farko, fassara tana cikin darussan da yake ɗauka, kuma ba a fassara abin da ba a gane ba. Na biyu, malamin firamare a ƙasar Hausa shi ne gadar da yaro yake bi daga harshen gida zuwa harshen jarrabawa, ko da kuwa takardar shaidarsa ta Hausa ce.

2.0 Barkwancin Siyasa Ba Baƙo Ba Ne ga Bahaushe

Abin da ake nufi da barkwancin siyasa shi ne duk wani wasa ko zane ko zance da ake yi domin a ba da dariya ta hanyar nuna halayen masu mulki da masu neman mulki. Tun kafin zuwan talabijin Bahaushe yana da irinsa. A wasan gauta, matan fada sukan yi shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, ta yadda mai mulki zai ga aibin da ba wanda zai iya faɗa masa ido da ido. A wasan kalankuwa kuma, samarin ƙauye sukan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogarawansu lokacin kaka, su yi kwaikwayon shari'a da mulki. Ga kuma wawan sarki, wanda al'ada ta ba shi damar faɗin abin da waziri ba zai faɗa ba.

Haka nan harshen Hausa yana cike da kayan aikin wannan fasaha: habaici da zambo da shaguɓe da gugar zana da gatse. Yaron da ya fasa tulu, uwarsa ta dube shi ta ce, "Ka kyauta!" ya san sarai ba yabonsa aka yi ba. Ashe ke nan tun kafin ya shiga aji ɗaya ya riga ya san cewa kalma tana iya faɗin wani abu, mai ita kuma yana nufin kishiyarsa. Wannan sani jari ne babba. Aikin malami shi ne ya nuna wa ɗalibi cewa Bature ma yana yin gatse, sannan ya koya masa kalmomin da yake yin gatsen da su.

3.0 Dalilin da Ya Sa Kalmar Barkwanci Take Zama a Ƙwaƙwalwa

Akwai hujjoji daga nazarin harshe da nazarin tunanin ɗan Adam da suke goyon bayan wannan ra'ayi. A shekarar 1972, masana biyu, Craik da Lockhart, sun nuna cewa abin da mutum ya yi tunani mai zurfi a kan ma'anarsa ya fi daɗewa a ƙwaƙwalwa bisa abin da ya maimaita da fatar baki kawai. Barkwanci kuwa tilas yake yi wa mutum ya yi irin wannan tunani. Masanin harshe Victor Raskin ya bayyana a 1985 cewa abin dariya yana faruwa ne idan zance guda ya dace da fassarori biyu masu karo da juna. Kafin mai sauraro ya yi dariya, dole ya riƙe fassarorin nan biyu a lokaci ɗaya, ya ga inda suka yi karo. Wanda ya yi wannan aiki a kan kalma ya ɗanɗana ta fiye da wanda ya kwafe ta sau goma a littafi.

Hujja ta uku ta fito daga Paul Grice, wanda ya yi bayani a 1975 a kan yadda mai magana yake isar da saƙon da bai furta ba, mai sauraro kuma ya gano shi ta la'akari da muhallin zancen. Babu inda wannan ya fi yawa kamar harshen siyasa, domin ɗan siyasa yana yawan sakaya zance. Mai barkwanci kuma sana'arsa ke nan, ya yaye lulluɓin da aka yi wa kalma. Don haka wanda yake koyon Ingilishi ta wannan hanya yana samun kalmar tare da inuwarta.

4.0 Misalai Daga Ingila da Amurka

Misali mafi dacewa shi ne shirin talabijin na BBC mai suna "Yes Minister", wanda Antony Jay da Jonathan Lynn suka rubuta, aka kuma nuna shi daga 1980 zuwa 1984. Shirin ya ƙunshi wani minista, Jim Hacker, da babban sakataren ma'aikatarsa, Sir Humphrey, wanda ya gwanance wajen hana ruwa gudu da daɗin baki. Idan ministan ya zo da wani tsari da manyan ma'aikata ba sa so, ba sa ce masa ya yi kuskure. Sai su yaba masa da cewa shawarar tasa "courageous" ce. A ƙamus, wannan kalma tana nufin mai jaruntaka. A bakinsu kuwa tana nufin shawarar da za ta kayar da mutum zaɓe, shi ya sa da ministan ya ji ta sai hankalinsa ya tashi. Wannan ita ce "ka kyauta" ta Bahaushe cikin rigar Turanci. Ɗalibin da ya gane wurin ya samu kalmar, ya kuma samu wani abu game da yadda ma'aikatan gwamnatin Ingila suke ƙin abu cikin ladabi.

Wani amfanin kuma shi ne koyar da ƙirar kalma. A 2009, wani shirin barkwancin siyasa na BBC, "The Thick of It", ya ƙirƙiro kalmar "omnishambles". Shugaban 'yan adawa na wancan lokaci, Ed Miliband, ya yi amfani da ita a majalisar dokokin Birtaniya a 2012 wajen sukar kasafin kuɗi, kuma a shekarar nan masu ƙamus na Oxford suka zaɓe ta a matsayin kalmar shekara ta Birtaniya. Idan aka fasa ta za a sami "omni", ɗafa-goshi daga Latin mai nufin duka, da "shambles", wato hargitsi. Ma'anar ke nan, al'amarin da ya rikice ta kowace fuska. Daga nan malami yana iya buɗe wa ɗalibai ƙofar wasu kalmomi masu wannan ɗafi: "omnipotent", mai iko a kan komai; "omnivore", mai cin nama da tsirrai duka; da "omnibus", abin hawa na kowa da kowa, wanda aka gutsure ya zama "bus", Hausa kuma ta ara ta ce bas. Kalma ɗaya ta raha ta jawo huɗu, har ta dawo da ɗalibi tashar motar garinsu.

A Amurka, ɗan barkwanci Stephen Colbert ya fito da kalmar "truthiness" a shirinsa na farko cikin Oktoba 2005, domin ya yi wa 'yan siyasa ba'a a kan abin da suke ji a ransu gaskiya ne alhali babu hujja. Ƙungiyar nazarin karin harshe ta Amurka ta zaɓe ta kalmar shekarar 2005, kamfanin ƙamus na Merriam-Webster kuma ya yi haka a 2006. Tushenta "truth", gaskiya. Aka ɗafa mata "y" ta zama mai kama da gaskiya. Aka ƙara "ness" ta koma suna. Hausa tana da hanyarta ta rage ƙarfin siffa, wato ninki: fari-fari, baƙi-baƙi, ja-ja. Saboda haka ɗalibi yana iya cewa abin nan gaskiya-gaskiya ne, ba gaskiya ba. Wanda ya kai ga wannan fassara da kansa ya fahimci aikin ɗafin Ingilishi da aikin ninkin Hausa a zama ɗaya.

Kada kuma a ɗauka cewa irin waɗannan kalmomi duk na ɗan lokaci ne. A 1812, gwamnan jihar Masacusets ta Amurka, Elbridge Gerry, ya sa hannu a kan dokar da ta sake shata mazaɓu domin jam'iyyarsa ta amfana. Wata jaridar Boston ta buga zanen barkwanci da ya mai da ɗaya daga cikin mazaɓun wata dabba mai kama da ƙadangare, wadda ake kira "salamander". Aka haɗa sunan gwamnan da na dabbar aka sami "gerrymander". Fiye da shekara 200 ke nan, kalmar tana nan cikin littattafan kimiyyar siyasa da ma'anar murɗe iyakokin mazaɓu. Abin da ya fara da dariya ya zama kalmar ilimi.

5.0 Misalai Daga Gida

Ba sai an ƙetare teku ba. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa Ingilishi a gaba wajen gudanar da harkokin Majalisar Tarayya, kuma da shi ake buga mafi yawan jaridun ƙasar nan. Saboda haka siyasar Nijeriya ta haifar da nata Ingilishin, masu zanen barkwanci kuma suna kiwonsa tun zamanin Akinola Lasekan na jaridar "West African Pilot" kafin samun mulkin kai.

A lokacin zaɓen gwamnan Ekiti na 2014 aka yi ta jin "stomach infrastructure". Kalmar "infrastructure" tana nufin manyan ayyuka irin su hanyoyi da gadoji da wutar lantarki, "stomach" kuma tumbi ne. Haɗa su wuri guda shi ne karon fassarori biyu da Raskin ya ambata. Idan ɗalibi ya iya cewa an bar ayyukan raya ƙasa an koma ayyukan raya tumbi, to ya mallaki "infrastructure", kalmar da take wahalar da 'yan sakandare da yawa.

Haka kuma a Maris 2019, hukumar zaɓe ta bayyana zaɓen gwamna a wasu jihohi, ciki har da Kano da Sakkwato da Bauci, a matsayin "inconclusive". Cikin 'yan kwanaki kalmar ta shiga bakin mutanen da ba su taɓa zama a aji ba, aka riƙa liƙa ta ga duk abin da bai kammala ba, daga ciniki har zuwa neman aure. Raha ta riga ta yi wa malami rabin aiki. Saura ya nuna cewa "in" korewa ce, "conclude" shi ne kammalawa, sannan ya jero 'yan'uwanta: "incomplete", "incorrect", "invisible".

Ya kamata kuma a sani cewa a Janairu 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Ingilishin Nijeriya, ciki har da na siyasa irin su "guber" da "zoning" da "non-indigene". Wannan ya nuna cewa Ingilishin da ake yi a nan gida yana da matsayinsa, sai dai wajibi ne ɗalibi ya san wace kalma ce ta gida, wace ce kuma za a gane a ko'ina.

6.0 Sukar da Ake Yi wa Wannan Hanya

Kowane allazi da nasa amanu, kuma masu sukar wannan hanya suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba.

Suka ta farko ita ce tsoron shigar da siyasar jam'iyya cikin aji. Wannan tsoro gaskiya ne. A aji guda akwai 'ya'yan magoya bayan jam'iyyu daban-daban, kuma malamin da ya mai da darasi dandalin yi wa wani ɗan takara ba'a ya ci amanar iyayen da suka ba shi 'ya'yansu. Maganin wannan shi ne a zaɓi barkwancin da yake sukar hali, kamar alkawarin ƙarya da sakaya zance da son kujera. Abin lura ne cewa shirin "Yes Minister" bai taɓa faɗin jam'iyyar ministansa ba, ma'aikatar tasa ma ƙagaggiya ce. Irin wannan shi ya fi dacewa da makaranta.

Suka ta biyu ta shafi tarbiyya. Addini da al'ada sun hana izgili da cin mutunci, kuma wasu daga cikin shirye-shiryen nan cike suke da ashar. Shirin da ya haifi "omnishambles" yana cikinsu, don haka malami yana iya ɗaukar kalmar da tarihinta ba tare da ya nuna shirin ba. Sai dai a bambanta nuni da cin mutunci. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma al'ummar da ta yarda da wasan gauta a cikin fada ta riga ta yarda cewa ana iya yi wa shugaba hannunka mai sanda cikin raha.

Suka ta uku, wadda ta fi nauyi a fagen harshe, ita ce mai barkwanci yakan karya harshe da gangan. A 2000, wani shirin Amurka, "Saturday Night Live", ya sa kalmar "strategery" a bakin mai kwaikwayon George Bush, alhali daidaitacciyar kalmar ita ce "strategy". A nan gida ma, Cif Zebrudaya na shirin "New Masquerade" ya yi suna ne da gurɓataccen Turanci, kamar yadda Samanja Mazan Fama ya yi suna da Hausar bariki. Ɗalibin da bai san daidai ba, ba zai gane an karkace ba, sai ya kwashi kuskuren ya kai takardar jarrabawa. A nan ne kasancewar malami ta zama dole.

Suka ta huɗu ita ce wahala. Paul Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa mai koyo yana buƙatar sanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke cikin zance kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, wanda ya kai dangin kalmomi 6,000 zuwa 7,000 ga maganar baka. Ɗalibanmu kaɗan ne suka kai nan. Wannan hujja ce a kan a taƙaita abin da za a nuna, a kuma share fage kafin a nuna shi.

7.0 Yadda Malami Zai Yi

Bisa ga abin da ya gabata, ga matakan da nake ganin sun dace:

(a) Malami ya zaɓi zanen barkwanci guda daga jarida, ko gutsuren shiri da bai wuce minti uku ba, ya kuma duba shi da kansa tukuna. Zanen jarida ya fi sauƙi, domin ba ya buƙatar lantarki.

(b) Ya fitar da kalmomi biyar zuwa bakwai, ya koyar da ma'anarsu ta ƙamus kafin ɗalibai su ga zanen.

(c) Bayan sun gani, ya tambaye su ina abin dariyar yake, su amsa da Hausa. Wanda ya ce gatse ne, ko habaici, ko harshen damo, ya kawo hujja. Wannan shi ne ƙashin bayan darasin, domin a nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya yi dariya don ya ga ana yi.

(d) A fasa kalmomin, a fitar da tushe da ɗafi, a nemo danginsu.

(e) A raba kalmomin gida uku: waɗanda suka dace da rubutun jarrabawa, waɗanda suka dace da hira kawai, da waɗanda za a gane su amma ba za a yi amfani da su ba. "Infrastructure" ta gidan farko ce, "guber" ta na biyu, "strategery" kuwa ta na uku.

(f) Ɗalibai su shirya ɗan gajeren wasa a kan ciyaman na wata ƙagaggiyar ƙaramar hukuma, su sa kalmomin a bakinsa. Bayan mako guda a waiwayi kalmomin, domin kalmar da ba a sake haɗuwa da ita ba takan gudu komai daɗin dariyar da ta zo da ita.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa barkwancin siyasa yana koyar da kalma tare da muhallinta da ƙirarta da kuma manufar da ake ɓoyewa a bayanta. Ba a ce ya maye gurbin ƙamus ko littafin karatu ba, cewa aka yi ya zama abokin aikinsu. An kuma nuna cewa Hausa ba cikas ba ce a wannan darasi, ita ce ma'aunin da ake gane fahimta da shi. Amfanin bai tsaya ga cin jarrabawa ba. Yaron da ya koyi tambayar abin da ɗan siyasa yake nufi da kalma, gobe shi ne mai jefa ƙuri'a wanda ba za a rufe masa ido da manyan kalmomin Turanci ba. Samar da irin wannan ɗan ƙasa yana cikin nauyin da ke wuyan malami, ko na Hausa ne ko na Ingilishi.

Jinga

1. Bambanta gatse da habaici da zambo, tare da kawo misali guda na kowanne daga maganar yau da kullum.
2. Samo zanen barkwanci guda daga wata jaridar Ingilishi, ka bayyana da daidaitacciyar Hausa inda abin dariyarsa yake.
3. Wace ce ta fi ƙarfi daga cikin sukar nan huɗu da aka kawo? Kare ra'ayinka a cikin shafi ɗaya.